UZUAKOLI: GARIN DA AKA GWADA MAGANIN KUTURTA

Duk wanda ya taɓa bin jirgin ƙasa daga Kafanchan zuwa Fatakwal, a zamanin da jirgin yake kai da kawowa a kan wannan hanya, to, ya ratsa ta wata 'yar tasha da ake kira Uzuakoli, dab da isa Umuahiya. Fatakenmu na shanu sun sha wuce ta, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a gefen wannan gari aka gwada biyu daga cikin magunguna uku da duniya take warkad da kuturta da su a yau.

Yanzu dai mota ake bi. Daga Inugu na kama babban titin da ya nufi Fatakwal, muka wuce kasuwar shanu ta Lokpanta, inda mutum zai ji Hausa tana tashi kamar yana Wudil, muka bar Okigwe a baya, muka shiga Umuahiya, babban birnin Jihar Abiya. Daga nan sai a saki babban titi a nufi arewa, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba, ta cikin itatuwan kwakwar manja da gonakin rogo da jar ƙasa. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Bende, kuma an san shi da tsohuwar kwalejin mishan ta Methodist wadda aka buɗe a cikin 1923.

A cikin 1932 ne mishan ɗin Methodist tare da gwamnatin wancan zamani suka buɗe mazaunin masu fama da kuturta a bayan garin. Likitan farko shi ne Dokta Kinnear Brown, sa'an nan Dokta Frank Davey ya gaje shi a 1936. A lokacin babu wani magani sai man wani icce na ƙasar Indiya wanda ake kira chaulmoogra, ana ɗura shi a fata da allura, ga zafi ga ƙarancin amfani. Mutum yakan shiga mazaunin ne ba tare da sa ran fita ba. Saboda haka wurin ya zama gari sosai, da gonaki da makaranta da coci da masu sana'a. Cikin waɗanda suka fara zama akwai Ikoli Harcourt Whyte, mutumin Abonnema, wanda ya tsara waƙoƙin coci masu yawa da harshen Ibo. Ko da ya warke bai bar wurin ba, ya ci gaba da koyar da mawaƙa, har ya rasu a haɗarin mota a 1977.

Babban abin da ya fid da sunan Uzuakoli ya faru ne a ƙarshen shekarun 1940. Akwai wani magani mai suna dafson, wanda likitoci suke tsoro don suna ganin gubarsa ta yi yawa. Dokta John Lowe ya gwada ba da shi ta baki, kaɗan kaɗan, ya tarar jiki yana ɗauka, cutar kuma tana ja da baya, ya buga sakamakon a 1950. Ƙwaya ce mai arha wadda ma'aikacin lafiya zai iya ɗauka a bayan keke ya kai ƙauye, don haka ba dole sai an raba majinyaci da iyalinsa ba. Bayan haka Dokta Stanley Browne, wanda ya zo a 1959, shi da abokin aikinsa Dokta Hogerzeil suka gwada wani sabon magani da aka haɗa a birnin Dublin na ƙasar Ailan, suka ba da rahoto a 1962. Shi ne kulofazimin. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tarwatsa aikin binciken, amma abin da aka gano ya riga ya bazu ko'ina, har asibitocinmu na Arewa irin su Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Saye a Zariya, da Garkida a Adamawa.

To, mai karatu zai ce, ina ruwan mai lafiya da tarihin wannan wuri? Ruwansa shi ne kuturta ba da dungulmi take farawa ba. Da ɗan tabo take farawa, wanda ya fi sauran fata haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, kuma ya yi kama da abubuwa da dama da kowane gida ya saba gani. Aikin likitan fata ke nan, watau ya rarrabe wannan da wancan tun da wuri.

Ga yadda suke yi. Da fari likita zai tambayi mutum yaushe abin ya fito, ko yana ƙaiƙayi, ko akwai mai irinsa a gida, da kuma abin da aka riga aka shafa. Sa'an nan ya duba jiki duka a cikin hasken rana, don tabon da ke gadon baya mai shi ba ya ganinsa. In ya yi zaton kuturta ce, sai ya sa mutum ya rufe ido, ya taɓa tabon da zaren auduga, ya ce a nuna masa inda aka ji. Tabon da ba ya jin taɓi babbar alama ce. Zai kuma lalubi jijiyoyin da ke gwiwar hannu da gefen gwiwa da wuya, ya ji ko sun yi kauri. Wani lokaci akan ɗan tsaga fatar kunne a ɗebi ruwan wurin, a rina shi, a duba da madubin likita, a nemi ƙwayar cutar da Dokta Hansen na ƙasar Norwe ya gano a 1873. In abin ya rikice, sai a yanki 'yar fata a kai ɗakin bincike.

Sau da yawa kuwa sai a tarar ba kuturta ba ce. Ƙyasbi, wanda yake fitowa a ƙirji da baya da wuya lokacin zafi da gumi, yana da ɗan gari-gari in an kankara, kuma wurin yana jin taɓi sarai. Maganinsa sabulun ruwa ne mai kashe irin wannan ƙwayar cuta, sai dai launin fata yakan yi watanni kafin ya koma daidai. Makero, mai cin gashin kan yara ya bar da'ira, ana tabbatar da shi ta kankaro ɓawon wurin da 'yan silin gashi a duba a madubi. Man shafawa kaɗai ba ya kai wa ga saiwar gashi, sai an sha ƙwayar girisiyofulbin har mako shida ko takwas, kuma a daina aski da aska ɗaya da sauran yara.

Ƙazuwa kuwa wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana haƙa rami a fata, musamman tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, ƙaiƙayinsa ya fi tsanani da dare. Tana yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe. Ana shafa magani daga wuya har tafin ƙafa, a yi wa mutanen gida duka a rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi a shanya a rana. In aka bar mutum ɗaya, shi zai komo wa kowa da ita. Kirci, wanda yakan tsananta da hunturu, ba ya yaɗuwa. Abin da yake so shi ne mai mai laushi a kullum, da guje wa sabulu mai kaifi, da man da likita zai rubuta na 'yan kwanaki ƙayyadaddu.

A nan ne ya kamata a ja kunnen jama'a game da man shafawan nan da ake sayarwa a kasuwa da tashar mota, wanda akan ce yana maganin kowace irin cutar fata. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, mai kwantar da ƙaiƙayi nan da nan alhali makero yana ƙara faɗi a ƙarƙashi. Yawan shafa shi yana sa fata ta yi siriri, ya kuma sāke wa tabo kama har likita ya sha wuyar gane shi. Haka nan man bilicin.

Idan kuwa aka tabbatar kuturta ce, maganinta yana nan. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa rifamfisin da dafson da kulofazimin, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Mai tabo ɗaya zuwa biyar wata shida zai yi yana sha, wanda ya wuce haka wata goma sha biyu. Da an fara sha, mutum ya daina harbin na kusa da shi. Kulofazimin yakan sa fata ta yi duhu, amma tana washewa bayan an gama. Cutar ba gado ba ce, ba kuma sammu ba ne. Ta numfashi ake ɗaukarta bayan doguwar cuɗanya da wanda bai sha magani ba, kuma mafi yawan mutane jikinsu yana kashe ta da kansa. Yatsun da ake gani sun gutsure, ƙuna ce da rauni suka cinye su bayan jijiya ta mutu. Magani yana kashe ƙwayar cuta, amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta komowa.

Nijeriya ta kai matsayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade a 1998, watau ƙasa da majinyaci ɗaya cikin mutum 10,000, amma duk da haka akan sami sababbin masu cutar wajen 2,000 a kowace shekara, wasu cikinsu yara ne, wasu kuma sun riga sun nakasa kafin su zo. A 2024 maganin ya yanke a ƙasar nan kusan shekara guda saboda jinkirin shigo da shi, bai iso ba sai a watan Maris na 2025. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumomin da aka ɗora wa wannan aiki su kula kada a maimaita.

Mu kuma namu shi ne mu kawar da kunya. Duk wanda ya ga tabo a jikinsa ko a jikin ɗansa, ya yi makonni bai tafi ba, balle in ba ya jin taɓi, to, ya nufi asibiti mafi kusa, a duba shi da rana, kafin ya shafa komi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.