Ladan Ƙugiya

Ba don kuɗi ya fara ba. Ɗalibi ne ɗan Tasawa, yana shekara ta uku a fannin kimiyyar harshe a Yamai, kuma takaici ne ya tunzura shi. Ya kai aikinsa shagon buga takardu, aka buɗe a wata kwamfuta, sai ga kowace ƙ da ɗ da ɓ ta rikiɗe ta koma wata baƙuwar alama. Ashe da wani tsohon salon haruffa ya yi rubutun, irin waɗanda aka ƙera kafin tsarin Unicode ya yaɗu, inda ake korar wata alama daga gurbinta a zaunar da baƙi mai ƙugiya. Muddin salon ba ya cikin na'ura, sai mai gurbi ya dawo gurbinsa.

A babban hutu ya koyi ɗan abin da ya samu na Python, ya harhaɗa wata ƴar manhaja. Aikinta bai taka kara ya karya ba: tana mai da tsofaffin alamomin zuwa Unicode, tana gyara k' da d' da b' na masu gaggawa, tana kuma juya 'y ta Nijeriya zuwa ƴ, kamar yadda ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 ta tanada. Abin da ya fi cin lokacinsa shi ne hana ta taɓa alamar hamza ta cikin jami'a da ma'ana da sa'a.

Abokan karatu suka fara kawo memwar ɗinsu, yana karɓar dala ɗari. Shaguna uku suka yarda da jika biyu a wata. A lokacin kare memwar yakan haɗa jika ashirin. Sauran watanni da ƙyar rabin haka. Bai isa haya ba, amma ya ishe shi fotokofi da kuɗin intanet da kabu-kabu, kuma a watannin da bursu ta makara bai ci bashi ba. Sau ɗaya, gab da Babbar Salla, har ya aika wa mahaifiyarsa jika biyar.

Daga nan kwaɗayi ya shigo, ko kuwa a ce girman kai irin na mai sabon ilimi. Yawancin rubutun da ake kawo masa ba su da wata alama ko kaɗan, don haka ya koya wa manhajar yin hasashe: ta duba jerin kalmomi, ta zaɓi siffar da ta fi yawa. Wata ɗalibar tarihi ta kawo aikinta a kan sarautar Damagaram zamanin Sarki Tanimun. Da yake faɗa ta fi fada yawa a jerin nasa, sai manhajar ta bi shafi shafi tana sa ƙugiya, har Sarki ya wayi gari yana tara malamai a faɗa. Ba wanda ya lura sai da aka buga kwafi biyar aka ɗaure.

“Malam,” in ji ta, ba ta ko ɗaga murya ba, “gobe zan miƙa, ga shi ka mai da fadar Sarki fagen dambe.”

Shi ya biya sabon bugu, kuɗin wata biyu suka tafi a dare ɗaya. Ya cire hasashen. Yanzu manhajar in ta ci karo da kasa ko baki ko daka ko fada, sai ta shafa musu rawaya ta bar wa mutum hukunci. Da malaminsa ya ji labarin, cewa ya yi: “Yaro, tagwayen kalmomin da na koya muku kyauta a shekarar farko, ga shi ka saye su da tsada.” Shago ɗaya ya janye, don mai shi maɓalli guda yake so ya danna, ba karatu ba. Gaskiyarsa ce ta ɗan kasuwa, ko da yake takardunsa ne za su ji a jikinsu.

Kasuwar ma tana tsukewa. Wayoyin yanzu na da allon rubutu mai ƙugiyoyi, manhajar kuma ta bazu a makullan USB na ɗalibai ba tare da ko dala ba. Abin da ya rage masa shi ne tsofaffin fayiloli. A makon jiya wani dattijo, tsohon malamin yaƙi da jahilci, ya kawo masa littattafan koyon karatu guda goma sha ɗaya a kan faifan CD. Sun yi ciniki a jika bakwai, ya karɓi uku kafin alƙalami, yana nan yana neman kwamfutar da har yanzu ke karɓar faifai.