Daga Dajin Serengeti Zuwa Tsibirin Zanzibar

'Yan'uwa mata, a ƙasar Tanzaniya akwai wani daji, Serengeti, inda attajiran Turai ke zuwa kallon zaki da giwa da raƙumin dawa. A tanti suke kwana, amma tanti ne mai katifa da ruwan zafi, ga kuku. In ƙura ta ishe su, sai jirgin sama ya kai su Zanzibar, tsibirin kanumfari, su miƙe bisa farin rairayin bakin teku.

To, gabashin dajin nan dā makiyayar Masai ce, masu shanu kamar Fulani. A 1959 Turawan mulki suka tashe su, aka bar wa namun daji fili. Yau matansu ne ke tare motocin baƙi da tallan duwatsun wuya.