Kuɗin Mai da Direbobin Tanghin

A farkon 2022 litar fetur a Wagadugu sefa 615 ce. A watan Mayu ta koma 715, zuwa Fabrairun 2023 ta kai 850. Burkina Faso ba ta haƙo mai, tankoki ke jigilarsa daga tashoshin jiragen ruwa irin su Lome da Tema.

Direbobin korayen tasi na unguwar Tanghin da ke Wagadugu nake tausaya wa. Fasinja ba ya yarda da ƙari, mai mota kuwa da yamma kuɗinsa cif yake jira. Shi ya sa wasu suka ɗaure tukunyar gas a bayan mota a madadin fetur, duk da doka ta hana, suna tuƙi da fargaba. Abin na da haɗari, amma cefane ba ya jira.

Don Allah, in ka tare tasi, sassauta ciniki.