Mushe da kujerar wuƙa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin tur ya san cewa sassaƙar ƙarfe ba ita ke cin lokaci ba, shirya wuƙa ke cinsa. Ƙarfe yana juyawa, wuƙa tana aske shi sannu a hankali, amma wajibi ne bakin wuƙar ya zauna daidai tsakiyar ƙarfen. In ya ɗan hau sama, sai ta riƙa goga tana zafi ba ta yanka. In ya sauka ƙasa, sai ƙarfen ya nemi fizge ta, kuma ta bar wata ƴar cibiya a fuskarsa. Tun wajen shekara ta 1800, da Henry Maudslay ya kyautata tur mai ɗauke da wuƙa bisa dandamali a birnin Landan, hannun ma'aikaci ya huta da riƙo, amma idonsa bai huta da neman wannan tsakiya ba.

A Maraɗi akwai wani dattijo, ɗan gidan maƙera, wanda lakkwal ta ɗauke tun yana yaro. Ya ƙare ƙarfinsa yana koyar da lissafi, har sunan Mushe ya bi shi. Da ya aje aiki, sai ƙarfe ya sake kiransa. Ɗansa ya aiko masa da ƙaramin tur ƙirar ƙasar Sin, irin wanda ba ya juya abin da ya wuce milimetir 180 a faɗi, wanda mutum biyu ke ɗagawa su aza bisa tebur. Don jin daɗinsa yake aiki da shi, amma maƙwabta ba su bar shi ba: wannan ya kawo zoben injin ban-ruwa, wancan ya kawo ƙarfen keken ɗinki, shi kuwa ba ya karɓar ko dala.

Kujerar wuƙar da ta zo da injin mai kusurwa huɗu ce. Don a ɗaga wuƙa zuwa tsakiya sai an cusa ƴan falle-fallen ƙarfe ƙarƙashinta. Mushe ya tara su cikin gwangwani, wasu daga tsohon zarto, wasu daga gwangwanin madara. Duk lokacin da ya wasa wuƙa tsayinta ya sauya, sai a koma lissafi daga farko. Aiki guda kuwa yakan nemi wuƙa uku ko huɗu: ta aske jiki, ta gyara fuska, ta rarake ciki, ta yanke. Ga ido ya fara rauni, ga kuran da ke ɗaukewa ba sallama. Sau da yawa yakan gama saiti daidai lokacin da wuta ta tafi, mai lambu kuma ya koma hannu wofi, alhali shukarsa tana jiran ruwa.

Wannan ne ya sa ya nemi kujerar nan da ake sauya wa wuƙa nan take. Dabararta mai sauƙi ce. Kowace wuƙa tana da mariƙinta, kowane mariƙi yana da tsagi mai faɗin ciki da ke zamewa a jikin kujera, a samansa kuma da ƴar ƙusa mai zare da ake murzawa a tsaida tsayi. An tsaida sau guda, an gama. Akwai ƙirar Multifix ta ƙasar Suwis, wadda mariƙinta ke zama a wuri 40 kewaye da ita. Akwai ƙirar Aloris ta Amurka, wadda masana'antu da dama suka kwaikwaya. A cikin irin wannan, wata tana tura mariƙi waje da ɗan turmi, wata tana matse shi da ƙarfe mai zamiya da ke jan shi ciki da ƙasa. Ta biyun ta fi maida wuƙa inda aka bar ta, ita ya zaɓa, ta baƙin ƙarfe, mai lamba 0XA, domin AXA ta yi wa injinsa girma.

Da kayan suka iso, sai aka tarar ba su shiga. Bulon ɗin asali mai kaurin milimetir 10 ne, ya yi gajere, ramin sabuwar kujera kuma ya fi shi faɗi. Hanya mafi sauri ita ce a faɗaɗa ramin da ke cikin dandamalin, a sa bulon mai kauri. Amma dandamalin na zubi ne, ba shi da kauri sosai, in ya tsage kuwa ba a samun irinsa a kasuwa, injin ya mutu ke nan. Mushe ya kwana biyu yana juya zancen, daga baya ya bar dandamalin yadda yake. Ya maida tsohuwar kujera, ya sake neman tsakiya da falle-fallensa, ya sassaƙa sabon bulon mai tsawo daga wani ƙarfen mota, da zobe da zai cike gibin da ke tsakaninsa da ramin. Da wannan aiki tsohuwar ta yi sallama.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ya cire ƴar fegin da ke tsaida tsohuwar kujera, ya shafe fuskar dandamalin da dutsen washi har ta kwanta sumul, ya matse zamiyoyin injin don kada su yi rawa. Nan ya gano cewa wuƙa mai kaurin milimetir 10 tana haura tsakiya ko da mariƙi ya sauka ƙasa ƙurmus, sai ya tsaya ga masu milimetir 8. Ya gane kuma cewa sabuwar kujera tana miƙa wuƙa gefe fiye da tsohuwar, don haka wajen yanke ƙarfe sai an rage gudu, an gajarta wuƙar, in ba haka ba injin ya ɗau kuka.

Yayansa, wanda bai taɓa barin maƙera ba, ya zo ya duba. Ya ce: "Mushe, yaron da ya tashi da wanga abu, yaushe zai san tsakiya?" Mushe ya amsa: "Yaya, tsakiyar tana nan inda take, sai an neme ta." Ya kira jikansa ya miƙa masa siririn ma'auni na ƙarfe. Yaron ya maƙale shi tsakanin bakin wuƙa da ƙarfen da ke cikin injin. Kan ma'aunin ya karkata baya, ya ce wuƙa ta yi sama. Ya murza ƴar ƙusar har ma'aunin ya miƙe tsaye, ya ɗaure. Tsohon maƙeri ya ɗauki mariƙin ya cire, ya maida, ya sake gwadawa da kansa. Bai ce ƙala ba, sai ya tambayi nawa ake saida mariƙi guda.

Tambayar tana da wuri, domin a nan kuɗin suke. Kujera guda ce, amma kowace wuƙa tana son mariƙinta, biyar ɗin da suka zo da ita kuwa ba su isa ba. Yanzu Mushe da jikansa suna koyon fidda tsagin da kansu, da zarto da magagari, kuma na farko da ya zauna daram na yaron ne.