Hirar Tamaula Bayan Isha'i

Ku matso kusa, shayin bai huce ba. Kawu, bar rediyon nan haka, sakamakon Ingila ba zai gudu ba. Akwai wata ƙungiyar ƙwallo da take raina kwanakin nan, kuma ba ta da kofi ko ɗaya da za a nuna muku.

Yaran Kwalejin Katsina nake nufi, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, lokacin Sarki Muhammadu Dikko. Ginin ƙasa ne, yana nan har yau, an mayar da shi gidan tarihi. Ɗalibai kaɗan ne, an tsamo su ɗaya-ɗaya daga lardunan Arewa don su zama malamai. Turawan da ke koyar da su sun ɗauki wasa da muhimmanci kamar darasin lissafi: kurket, da tamaula, da ƙwallon nan ta tafin hannu da ake dukan bango da ita, wadda Ahmadu Bello ya ƙware a kai tun yana ɗalibi, daga 1926 zuwa 1931. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya same shi a can a 1928.

Malam, ka ce me? E, gaskiyarka, Kudu sun riga mu. Tun 1904 yaran makarantar Hope Waddell ta Kalaba suka kara da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙin Ingila, suka ci su uku da biyu. Amma ka lura, can ma daga filin makaranta abin ya fito.

Abin da ke taɓa ni shi ne yadda kakar wasan irin waɗannan yara take. A zamanin da jirgin ƙasa bai iso ko Funtuwa ba sai wajen ƙarshen shekarun 1920, zamanin da ɗan Sakkwato kan kwana a hanya kafin ya ga ganuwar Katsina, wa za ka je ka buga da shi? Abokin karawarka shi ne wanda kuka ci tuwo a akushi ɗaya. Ɗan sarki ya zo da gudu, ɗan talaka ya sa masa ƙafa ya kwashe ƙwallo, babu dogarin da zai ce uffan. Ɗan Barno ya miƙa wa ɗan Bauchi, shi kuma ya nemo ɗan Ilori. Ni a ganina a nan suka fara sanin halin juna, wa ke da rowar ƙwallo, wa ke da zuciya idan an sha su, tun kafin su haɗu a majalisar Kaduna. Makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau.

To, ga abin da ya sa na ce ku matso, don magana ce ta cikin gida. Mu nan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, duk wanda ya iya taɓa ƙwallo a cikinmu, a filin makaranta ya koya, bayan la'asar, ba takalmi, ƙurar hunturu ta mayar da shi fari fat. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe yara fiye da ɗari uku daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye suka daina sakin jiki. Allah Ya dawo mana da su cikin mako guda, mun gode Masa. Amma an rufe makarantun kwana a lokacin, a 2021 kuma har layin waya aka katse mana. Uwa ta ga rana ta karkata, sai ta fara leƙen ƙofa tana kiran sunan ɗanta. Wa zai ga laifinta?

Ina jin zafin wannan sosai, wallahi. Yaro ya haddace 'yan wasan Sifen kaf a gidan kallo, amma bai taɓa karawa da sa'ansa na Ɗandume ko Bakori ba.

Alhaji, kai ne mai mota. Malam, kai shugabannin makarantu ke jin maganarka. Ba sai mun jira filin Muhammadu Dikko na Katsina ba. Makarantu uku, ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a buga da hantsi ranar Asabar, kowa ya koma gida kafin la'asar, kuma sai mun nemi shawarar masu gari da jami'an tsaro kan hanya tukuna. Ƙwallo biyu da raga, ni na ɗauka. Kawu, kai za ka riƙe usur.