Ƙaramin Sani Ƙuƙumi: Ranar da Na Taɓa Kafiretar Babur Ɗina

Duk malamin da ke kwana a Matameye yana koyarwa a ƙauye ya san albashinsa gida uku ake raba shi: hatsi, haya, da babur. Makarantar da nake aiki tana da nisan kilomita 17 daga gidana, ta wajen Dungu. Kwalta ba ta raka ni ko rabin hanya, sauran duk rairayi ne da gefen fadamun rake. Shi ya sa tun 2016 na haƙura da ƙananan baburan cikin gari, na sayi tsohon DT 125 ƙirar Yamaha, irin mai dogayen ƙafafun nan da ma'aikatan gona da na kiwon lafiya ke shiga daji da shi. Yana hawa kwalta, yana keta yashi, bai taɓa ba ni kunya ba. Aibinsa ɗaya: shan mai.

Shekara bakwai wannan bai dame ni ba. Mu mutanen bakin iyaka, ruwa-ruwa muke saye, man kwalba da ke shigowa ta Daura da Ɗan Barto. Duk da matatar SORAZ da aka buɗe a arewacin Damagaram a 2011, man Nijeriya ya fi mana araha saboda tallafin da gwamnatinsu ke biya. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli kuma aka rufe iyaka. Kafin a koma makaranta a Oktoba, kwalba ta kamo farashin gidan mai, wanda a lokacin yake sefa 540 lita. Na zauna da alƙalami: kusan lita biyu kullum, kwana 22 a wata, sama da jaka 20 ke nan. Na ce ba za ta saɓu ba.

A teburin mai shayi wani abokin aiki ya ce min ai sirrin duk yana cikin kafireta, wadda makanikanmu na nan ke kira karbiratar. "Ka rage mata abinci kawai," in ji shi. Na koma gida na kalli bidiyo uku a waya, na karanta abin da na samu da Faransanci, na ji a raina na gama ganewa.

Abin da na karanta gaskiya ne, kuma yana da kyau mai babur ya san shi. Inji ba fetur zalla yake ƙonawa ba, gauraye ne na iska da fetur, kuma aikin kafireta ke nan: ta auna, ta gauraya. A lissafin masana, in za a ƙone mai ƙurmus, kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar iska giram 14.7. A ƙasan kafireta akwai ɗan kwano da mai ke taruwa, da fulota mai tasowa ta toshe hanya in ya cika. Daga kwanon mai ke hawa ta wasu ƴan kusoshin tagulla masu huda a tsakiya, su ake kira jiglar. Ƙaramar jiglar, tare da wani sukuru na iska da ke gefe, ita ke ciyar da inji in yana tsaye yana aiki ko an ɗan murɗa totur. Daga rubu'in totur zuwa kashi uku cikin huɗu, aikin allura ne, wata siririyar sanda mai tsini da ke hawa da sauka. In an murɗe totur duka, sai babbar jiglar ta karɓa. A kan allurar akwai tsagogi, galibi biyar, da ɗan zoben ƙarfe da ke riƙe ta. Ka mai da zoben tsagar sama, allura ta sauka, mai ya ragu. Ka mai da shi ƙasa, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru.

Wata Lahadi cikin Nuwamba na shimfiɗa buhu a zaure na kwance kafiretar. Abu uku na yi a zama ɗaya. Na ɗaga zoben allura tsaga biyu. Na sa wata babbar jiglar da na saya a kasuwa, mai lamba ƙasa da wadda na tarar. Na kuma zare soson filta, wanda ya daskare da ƙura, na ce iska ta shiga son ranta. Ban rubuta komai ba. Ko lambar tsohuwar jiglar ban riƙe ba, na jefa ta cikin gwangwanin kusoshi.

Makon farko na yi ta yabon kaina. Ƙarar babur ta yi kaifi, ya yi sauƙin tashi a kwalta, kuma a ganina kwalba ta ɗan ƙara kai ni nesa. Har na fara ba wasu malamai shawara. Alamu sun zo, ni ne ban iya karanta su ba. Zafin inji ya fara dukan ƙwaurina ta cikin wando. In na saki totur, injin ba ya saurin kwantawa. In na shiga yashi mai zurfi sai in ji wata ƴar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na ɗora laifin a kan man kwalba.

Ranar wata Litinin cikin Janairun 2024, hunturu ya kankama, na ɗauko ƙaramin ɗana mai shekara tara a baya, domin a makarantarmu yake karatu. Mun wuce kwalta, mun shiga wani dogon rairayi da sai an riƙe totur ake fita. Muna tsakiyarsa injin ya yi wani gunji ya ɗauke, tayar baya ta ƙame. Sai ga mu a ƙasa. Allah Ya taƙaita, yashi ne. Yaron ya ƙuje a gwiwa da tafin hannu, ni kuma salansa ta ƙone ni a ƙafa. Na ɗago shi ina dubawa, yana ce min, "Baba, ba komai," ni kuwa abin da ke raina shi ne da a kwalta ne, da babbar mota a bayanmu. Na taka kik, ya ƙi motsi ko kaɗan. Wani mai amalanken shanu da ya ɗauko rake zuwa Matameye ne ya taimaka, muka ɗora babur a kan raken. Ranar ajina bai ga malami ba.

Garejin da aka nuna min na wani matashi ne da aka ce duk garin ba wanda ya kai shi sanin DT. Ina isa ya ajiye sifana, ya goge hannu, ya rusuna. "Mushe, barka da zuwa. Ba ku gane ni ba?" Na gane shi. Yaron da ya maimaita ajin CM1 a hannuna ne, a farkon shekarun aikina bayan na fito daga makarantar horon malamai ta Damagaram. Lissafin kashi-kashi ya gagare shi. Ni da bakina na ce wa mahaifinsa kansa ba ya ja, gara a nema masa abin yi. Aka cire shi.

Bai tayar da wannan ba. Buji ya fara kwancewa, wato fulogi, ya miƙo min. Bakinsa fari fat kamar allin aji.

"Mushe, wa ya taɓa muku kafiretar nan?"

Na ce ni ne.

Ya yi shiru, ya ce, "To, Allah Ya kiyaye gaba." Sannan ya ja min benci.

Ya ce buji shi ne ke faɗin gaskiyar abin da ke faruwa a cikin inji. In ya yi baƙi da toka, mai ya yi yawa. In ya yi fari, mai ya yi kaɗan. Wanda ake so shi ne launin gyaɗar da aka soya daidai. Ya ce fetur ba ƙarfi kaɗai yake bayarwa ba, yana kuma sanyaya inji, don haka in aka rage shi fiye da kima zafi ke hauhawa har fistan ya kumbura ya liƙe a silinda. Na cire soso, iska ta ƙaru, ƙurar hunturu kuma ta shiga tana cin silinda kamar ana goga shi da yashi. Iskar sanyi ta fi ta bazara nauyi, don haka safiyar Janairu ta ƙara tsananta ƙarancin man. Ya kuma nuna min abin da ban taɓa tunani ba. Asalin DT yana da famfon da ke tura baƙin mai daban, amma wanda ya riga ni mallakar nawa ya cire shi, shi ya sa nake zuba baƙin man cikin tanki tare da fetur. "Kun ga ke nan, Mushe, da kuka rage fetur, har da baƙin man kuka rage. Kun hana shi abinci, kun hana shi man shafawa."

Na ce to ai shan man ne ya ishe ni. Ya cika kwanon kafiretar, ya ajiye a kan kwali. Ba a jima ba sai ga ɗigo. Ƴar allurar fulota ta cinye, ba ta toshewa sosai, ni kuma ban saba rufe makunnin mai na ƙarƙashin tanki da dare ba. Ashe wani kaso na man da nake nema a cikin inji a ƙasan zaurena yake ƙarewa. Uwargida ta yi wata da watanni tana cewa zaure na warin fetur, ina ce mata haka babur yake. Ya ƙara da cewa soson da ya toshe ma yana sa shan mai, amma maganinsa a wanke, a shanya, a ɗan shafa masa mai a mayar. Haka taya mai ƙarancin iska a kwalta, da sarƙar da ta bushe.

Gyaran ya ci jaka 38: gurza silinda, sabon fistan da zobbansa, allurar fulota, soso, da jiglar mai lambar asali. Abin da na rage na mai a wata biyu bai kai jaka biyar ba. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma ba idona kaɗai ba.

Da na je ɗaukar babur na tambaye shi ko ke nan mai babur ba shi da ikon taɓa kafiretarsa. Ya ce yana da shi mana, amma da sharaɗi, kuma na rubuta sharuɗɗan a bayan littafin shirya darasi. Na farko, a wanke kafin a sauya komai, domin yawancin abin da ake kira matsalar saiti datti ne, musamman ga mai sayen man kwalba. Kada a zura waya ko allurar ɗinki a hudar jiglar, tagulla tana da taushi, hudar za ta buɗe. A hura da iska. Na biyu, a rubuta yadda aka tarar da komai: lambar jiglar, tsagar da zobe yake, da yawan juyin sukurun iska, wanda ake ƙirgawa ta hanyar murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya. Na uku, abu ɗaya ake sauyawa, tsaga ɗaya, a hau a yi tafiya, a kwance buji a duba, sannan a yi tunanin na gaba. Na huɗu, in dole a yi kuskure, a yi shi ta wajen yawan mai. "Buji baƙi sabon buji zai ci muku, Mushe. Buji fari inji zai ci."

Ina kira ga iyaye da wannan, domin samarinmu suna yin abin da na yi kullum. Suna cire soso, su fasa salansa don ƙara ta yi daɗi, su sauke allura don mai ya yi auki, kuma a kan baburan nan ake ɗauko ƙannensu daga makaranta. Hana su taɓawa ba zai yi ba, hannunsu na ƙaiƙayi, kuma wannan ƙaiƙayin ba abin ƙi ba ne. A tura su wajen wanda ya iya, su koyi duba buji kafin su riƙe sukundireba.

Abokan aikina malamai kuma, ga abin da ya fi tsaya min a rai. Ranar da nake jiran gyara, na ga wani ya kawo babur ya ce lita uku da rabi ya zuba, baƙin mai nawa zai sa. Yaron nan bai ɗaga kai daga aikinsa ba ya faɗa masa ma'aunin. Na lissafa a takarda bisa kashi 3 cikin 100, na samu mililita 105. Abin da ya faɗa ke nan, da ɗan ƙarin da ya ce na sabon fistan ne. Wannan shi ne lissafin da na ce wa mahaifinsa ba zai taɓa shiga kansa ba. Na yanke masa hukunci da allo da takardar jarrabawa, ban taɓa gwada shi da kwalba da ma'auni ba.

Na faɗa masa haka, na nemi ya yafe min. Ya yi dariya ya ce ai kowa da inda Allah Ya ajiye abincinsa. Amsar mai ladabi ce, amma ba ta wanke ni ba. Yana iya karanta lambar jiglar, littafin gyaran babur kuwa sai an karanta masa, kuma ni na san a ajin wa aka tsaya.

A zangon ƙarshe na shekarar na roƙe shi ya zo makarantarmu. Na ɗauko shi a kan DT ɗin da ya gyara. Ya kwance wata tsohuwar kafireta a kan teburina, ƴan CM2 suka kewaye shi, ya ba su kwalbar lita da sirinji suna auna ruwa a madadin baƙin mai. Yara biyu da ke zama a bencin baya, waɗanda da wuya su ɗaga hannu, su suka riga kowa faɗin na lita biyar. Na rubuta sunayensu a littafina.

A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar fetur zuwa sefa 499, an ɗan samu sauƙi. Zoben allurata yana tsagar tsakiya inda ya mayar da shi. Duk Asabar ina wanke soso, duk dare ina rufe makunnin mai, kuma zaure ya daina wari.