Neman Abokin Tafiya a Garin Kilafaton



Shekara ashirin da ƴan kai ke nan ina riƙe wa dattijon unguwarmu alƙalami: wasiƙar sulhu, takardar rabon gado, amsar gayyata. Da dare kuwa, in zaure ya watse, nakan koma kan wani ƙagaggen labari da na daɗe ina fama da shi. Labarin Hugh Clapperton ne, wanda bakinmu ya fi iya kira Kilafaton, Baturen Sikotlan da ya keto Sahara daga Tarabulus ta Bilma, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824. Da ya sake dawowa ta bakin teku, ajali ya riske shi kusa da Sakkwato a 1827.

Fadar Sakkwato ba ta ba ni wuya wajen rubutu, domin na san yadda ake zama gaban manya. Kilafaton ne ya ƙi yin rai. Na ɗaura masa zanen nan mai gidan dara, na rataya masa algaitarsu mai jaka, ya fito tamkar mutum-mutumin gona. Sai tsoro ya kama ni, kada in yi wa mutanensa abin da muke zargin matafiya sun yi mana, wato siffanta jama'a daga nesa.

Bara Allah Ya nufa na ziyarci ɗana da ke karatu a Gilasgo. Daga can na shiga jirgin ƙasa zuwa Annan, garin da aka haifi Kilafaton a 1788. Kwana biyu ina yawo ni kaɗai, ban ga komai ba sai gidajen jan dutse da kogi da yayyafi. Baƙo ko da ido makaho ne. A rana ta uku na faɗi buƙatata a ɗakin karatun garin, aka haɗa ni da wani tsoho mai fita kowace safiya da karensa. Na san a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma sai da na tattare rigata.

Tafiyar sa'a uku ta rushe mini shafi arba'in. Ya ce zanen nan da harshen Galik gadon mutanen tsaunukan arewa ne. Su na kudu Sikot suke yi, harshe ɗan uwan Ingilishi. Ya ba ni labarin hawan da suke yi a watan Yuli, mahaya su zagaye iyakokin gari, har na tuna hawan Salla. Ya kai ni bakin mashigin Solwe, inda masunta ke tsayawa cikin ruwa har ƙirji, riƙe da koma mai katako, suna jiran kifi, ga ruwan teku mai cikowa da gaggawa. A nan na fara fahimtar yaron da ya shiga aikin jirgin ruwa yana ɗan shekara 13.

Abin da ya fi amfanata kuwa shirunsa ne. Mukan yi tafiya mai tsawo bai ce uffan ba, sai ya dubi sama ya yi kalma biyu kan ruwa. Daga baya na gane zancen yanayi a wurinsu shi ne “ina gajiya” a wurinmu. Ban taɓa tsintar wannan a littafi ba.

In Allah Ya yarda zan koma baɗi. Nufina in taka hanyar ƙafa ta kwarin Annan, wajen kilomita 90 daga tsaunukan Mofat zuwa teku. Dokarsu ta 2003 ta halatta ratsa mafi yawan filaye, muddin ba a yi ɓarna ba. Amma ba zan sake tafiya ni kaɗai ba. Duk mai ɗa ko ƙani a Sikotlan da ya san wani ɗan ƙasa, musamman dattijo mai son tafiyar ƙasa da haƙurin amsa tambaya, don Allah ya sada mu. Ladansa, zan ba shi labarin ƙasar da ta karɓi gawar ɗan garinsu. Kilafaton ma da ja-gaba ya ratsa hamada, balle ni.

Wassalam.